Sawun Ɓarawon Cajar Kyauta

Ranar Asabar, wajen ƙarfe ɗaya na rana, Oddvar Lunde da matarsa Solfrid suka dawo daga birni da kek uku a kujerar baya, suka tarar da bangon gidansu ba komai sai ramukan sukuru huɗu da guntuwar waya. Cajar motar da aka kafa musu jiya-jiya ta yi layar zana.

Babu wanda bai san da cajar nan ba a ƙauyen Holmvik, domin Oddvar bai bar kowa ya sha ruwa ba a kanta. Ba ita ce ta farko ba. A wannan yanki na yammacin Norway rabin gidaje motar lantarki suke hawa, kowane gida da akwatinsa a bango. Abin da ya bambanta ta Oddvar shi ne kyauta ce. Wani dillalin motoci a birni ya yi shelar cewa duk wanda ya sayi mota kafin kaka ta fita za a kafa masa caja a gida, ko kurona ɗaya ba zai biya ba. Oddvar ya saya. Tun daga ranar, duk maƙwabcin da ya ci karo da shi sai ya tambaye shi nawa ya biya aka kafa masa tasa, in an faɗa ya girgiza kai cikin tausayi. Da yake shi ne shugaban kwamitin ƙauye, har ya gayyaci jama'a ranar Lahadi bayan coci a zo a sha gahawa a ga yadda zai jona motar. Kek ɗin na wannan biki ne.

Ya kira 'yan sanda, suka ce ya cike takarda ta waya, in ya so ranar Litinin a duba. Sai ya kira Ragnfrid Tveit.

Ragnfrid ba 'yar sanda ba ce. Shekararta sittin da bakwai, kuma abin da ta shekara talatin tana yi shi ne, in mota ta buge barewa ta gudu daji da rauni, a kira ta ta bi sawu ita da karenta har su same ta. Ta gaya wa Oddvar cewa ita sawun mai ƙafa huɗu ta sani. Ya ce ai wanda ya yi masa wannan aiki dabba ne. Ta sa takalmanta na roba, ta tashi tsohon karenta Tass daga barci, suka taho.

Abin da ta tarar ya ɓata mata rai. 'Yar dusar ƙanƙarar da ta sauka da asuba, wadda da ta nuna mata komai kamar rubutu a takarda, mutum goma sha biyu sun tattake ta sun mayar da ita kunu. Kowa ya zo jaje, kowa kuma sai da ya matsa gindin bango ya sa yatsa a ramin sukuru.

"In da sawu za a kama ɓarawo a nan," in ji ta, "dukanku za ku kwana a ofishin 'yan sanda."

Suka ja da baya. Ta duba bangon a tsanake. Ba a fizge akwatin ba, kwance shi aka yi sukuru bayan sukuru, ko fenti bai karce ba. Bakin wayar da aka bari an naɗe shi tsaf da baƙin salatif, an kuma lanƙwasa shi ƙasa don kada ruwa ya shiga. Ta sha jin labarin ɓarayi, amma ba ta taɓa jin mai ladabi irin wannan ba. A bakin ƙofar shinge, inda ƙafa ba ta kai ba, ta ga ɗan siririn sawun taya, tsawonsa bai fi kamu biyu ba.

Shi kuwa Tass ya shige cikin gida abinsa, ya tsaya gaban wani ƙaramin kabad da ke ƙarƙashin matakala yana shinshinawa yana atishawa. Solfrid ta ba da haƙuri, ta ce tun jiya wurin ke ƙarnin kifi, ta wanke sau biyu bai tafi ba. A ƙauyen masunta ba wanda ke tsayawa kan ƙarnin kifi. Ragnfrid ta janye karenta.

Oddvar ya riga ya shirya sunaye uku: Terje mai gidan mai, da Borghild ta gidan gefe, da Darius, ɗan Lituweniyan da kamfani ya turo ya kafa cajar. Na ukun ma bai jira bincike ba, ya riga ya kira kamfanin ya shaida musu cewa ma'aikacinsu ya kafa da Juma'a ya dawo ya kwance da Asabar. Ragnfrid ta tambaye shi shaidarsa. Ya ce wa ya san yadda ake cirewa in ba wanda ya kafa ba. Ta san Darius: shekararsa huɗu a ƙauyen, matarsa na aiki a masana'antar kifi, 'yarsu na makaranta a nan. Irin wannan waya guda ɗaya ta isa ta raba mutum da aikinsa.

*

Da ta nuna wa Tass sawun tayar, sai ya ɗaga kai ya miƙe hanya kamar wanda aka yi wa wahayi. Mutanen da suka zo jaje suka biyo baya suna raɗa, ga kare ya kama. Bai tsaya ko'ina ba sai gidan man Terje. Ya shiga, ya wuce kantar ciniki, ya zauna gaban murhun da ake gasa naman sosej, ya kafe shi da ido.

Terje ƙato ne mai dariya kamar injin jirgin ruwa. Shi ne ya taɓa cewa a taron kwamiti motar lantarki firji ce aka sa wa taya, kuma Oddvar bai manta ba. Ya saurari zargin yana juya sosej. Ya nuna wa Ragnfrid amalanken da yake ɗaukar tukunyar gas da shi, faɗin tayarsa ya kai tafin hannu, nesa da siririn sawun da ta gani. Ya ce tun safe bai ɗaga daga kanta ba, kuma daga tagarsa ba abin da ya wuce sai motar gidan waya da wasu baƙi biyu masu jan kwale-kwale.

"Ki gaya wa shugaba," in ji shi, "in da ni ne, motar zan ɗauke in bar masa cajar ya jona hancinsa."

Ya ba Tass sosej ɗaya, ya ce ladan bincike ne. 'Yan rakiya suka watse cikin takaici.

*

Borghild gwauruwa ce, shekara goma sha ɗaya mijinta da rasuwa, shekara tara tana rigima da Oddvar kan shingen da ke tsakaninsu. Kujerarta na bakin taga, da madubin hangen nesa a gefe, wanda ta ce na kallon tsuntsaye ne. Ta zaunar da Ragnfrid, ta kawo mata wainar fulawa da cuku mai zaƙi, tun kafin a tambaye ta ta ce ta san abin da ya kawo ta.

A bayan ƙofa Ragnfrid ta hango jakar cefane mai taya biyu sirara. Amma da ta jawo ta sai ta ga taya ɗaya a karye, yanar gizo-gizo ta rufe ɗayar.

Borghild ta ce tun ƙarfe tara da motar ta fita har ɗaya da ta dawo ba ta bar tagar nan ba, kuma ba wanda ya shiga gidan, ko kyanwa. Ta ƙara da cewa ko ma wane ne ya ɗauke, ita ta gode masa, domin daga bakwai na yammacin Juma'a shuɗiyar fitilar akwatin ta dinga haska mata labule kamar ɗakin asibiti. Ta ɗauko wasiƙar ƙorafi shafi biyu da ta rubuta wa kwamiti, wato wa Oddvar, kan Oddvar.

"Ke a hankalinki," in ji ta, "zan ɓata tawada a kan abin da zan sace da safe?"

Da Ragnfrid ta miƙe za ta tafi, Borghild ta tuna wani abu. Ta ce yammacin Juma'ar nan wutar gidan Oddvar ta yi ta lumshewa, har sau biyu ta ɗauke gaba ɗaya, alhali sauran gidaje ƙalau. Ta ce ta ɗauka rowa ce.

*

Darius na zaune a benen tsohuwar makaranta inda yake haya, wayarsa a kife a tebur. Maigidansa ya riga ya kira, ya ce ya zauna a gida har a ga abin da hali zai yi ranar Litinin. Matarsa ta kawo shayi ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali.

Da farko bai so ya yi magana a kan gidan Oddvar ba, ya ce ba ya fitar da sirrin inda ya yi aiki. Ragnfrid ta ce wanda yake rufa wa asiri tuni ya sayar da shi a kasuwa. Sai ya buɗe baki. Ya ce kyautar dillali tana da iyaka: akwati, da waya mita goma, da huda bango ɗaya, kuma sai in wayoyin gida za su iya ɗauka. Gidan Oddvar kuwa wayoyinsa sun girme shi Darius, fis ɗinsa, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, irin na tangaran ne da ake murɗawa, ga shi babu wayar da ke shiga ƙasa. Mota ba tukunyar shayi ba ce, awa takwas take zuƙar wuta ba hutawa. Ya gaya wa Oddvar sai an canza akwatin fis gaba ɗaya, kuma wannan ba ya cikin kyauta. Oddvar ya ɗauko masa takardar talla ya nuna masa kalmar da yatsa, har sau uku. Da ya ga gardamar ba za ta ƙare ba, ya rataye akwatin a bango bai haɗa shi da wuta ba, ya rubuta haka a takarda, Oddvar ya sa hannu bai karanta ba.

"Yadda na bar ta," in ji Darius, "da ita da gidan tsuntsu duk ɗaya."

Ragnfrid ta ajiye kofinta. "Gidan tsuntsu yana kunna shuɗiyar fitila?"

Ya dube ta, fuskarsa ta canza. Ya ce a'a, ya miƙa hannu zai ɗauki rigarsa ya ruga gidan Oddvar. Ta ce ya zauna, ai an riga an cire, kuma wanda ya cire ya naɗe bakin wayar da baƙin salatif kamar mai naɗe jariri. Darius ya ce shi ba ya amfani da salatif a wannan aiki, kuma rabon da a koya wa mutum haka an fi shekara talatin.

*

Da ta fito saura kamar rabin awa rana ta faɗi. Ta tsaya a bakin titi ta yi tunani irin wanda take yi a daji. Barewa mai rauni ba ta hawa tudu, ba ta tsallake shinge, inda ƙasa ta yi laushi take bi. Mutum biyu masu taga sun ce ba wanda ya wuce, amma akwatin bai yi fiffike ba. Daga gidan Oddvar hanyar da ba ta da hawa ɗaya ce: 'yar siririyar da ta bi ta bayan coci, inda inuwar itatuwa ke hana dusar ƙanƙara narkewa.

Tana shiga ta gan shi, a shimfiɗe kamar an zana mata. Ba taya ɗaya ba ce, ba biyu ba, huɗu ne sirara, a tsakaninsu gajerun taku na mai jan ƙafa. Sawun ya je ya dawo, kuma na dawowa ya fi nutsewa, alamar an ɗoro kaya. Ta bi tana ƙirgawa. A taku na ashirin tayoyin suka tsaya cak, ƙafafun suka juya baya, dugadugai biyu suka jera suka nutse. Ɓarawon ya zauna. A gefe ga ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa a kan fari. Ta durƙusa ta sansana: gahawa ce. Bayan wani taku ashirin, ya sake zama. Daga coci zuwa ƙarshen hanya sau bakwai ɓarawon nan ya ja birki ya huta, a zama na biyar har lemo ya ɓare, ya tattara ɓawon wuri ɗaya.

Ragnfrid ta jingina da itace ta yi dariya har Tass ya juyo yana kallonta. Sannan ta bi sawun har ƙofar gida na ƙarshe a layin tsofaffin ma'aikatan tashar lantarki. A gindin matakala ga keken dogarawa irin na tsofaffi, mai taya huɗu da kwando da ɗan wurin zama, tayoyinsa jiƙe.

Gidan Eilif Myhre ne, mahaifin Solfrid. Shekararsa tamanin da shida, arba'in daga ciki a tashar lantarki ya yi su, kuma kusan duk tsohon gida a ƙauyen hannunsa ya taɓa wayoyinsa. Cajar na kan teburin kicin a kan jarida, sukurorin huɗu a cikin kofin ƙwai. Bai ɓoye ba, bai kuma tashi ba. Ya ce tun awa ɗaya da ta wuce yake jiran ta, da alama tsufa ya fara kama ta.

Kowa ya san shi da surukinsa ba sa ga maciji. Shekara shida da suka wuce, a bikin cikar Solfrid hamsin, fitilar falo ta mutu, Eilif ya miƙe zai duba, Oddvar ya ce a gaban baƙi ya zauna ya huta, gobe za a kira wanda ya san aikin zamani. Daga ranar kalma ɗaya ba ta sake shiga tsakaninsu ba.

Ragnfrid ta tambaye shi dalili. Ya ce a gaban mutane aka ci masa fuska, a gaban mutane zai ba da amsa, kuma ba yanzu ba, bari Oddvar ya ɗan dahu na mako guda.

"Ba shi ne ke dahuwa ba," in ji ta. "Darius ne. An dakatar da shi daga aiki."

Tsohon ya jawo akwatin ya juya bayansa, ya daɗe yana kallon yadda aka huda aka jera. Ya ce mai wannan hannu ya san aikinsa. Sannan ya tambaye ta ƙarfe nawa aka ce za a yanka kek.

*

Oddvar ya so ya fasa bikin, amma Ragnfrid ta ce ba za ta faɗi sunan ɓarawo ba sai a gaban kowa, har da Darius. Saboda haka ranar Lahadi falon ya cika fiye da yadda aka gayyata. Terje ya rufe gidan mai na awa ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Borghild ta shigo gidan karon farko a shekara tara, ta zauna tana duba labule. Darius ya tsaya kusa da ƙofa da hularsa a hannu, bai taɓa kek ba.

Ragnfrid ba ta iya dogon jawabi ba. Ta ce ta bi sawu, kuma ɓarawon ba ya sauri, don haka a ƙara gahawa. Ana cikin haka aka ji ƙarar ƙananan tayoyi a kan tsakuwar tsakar gida, a hankali, a hankali, sai suka yi shiru. Kowa ya juya ga ƙofa. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce.

"Hutawa yake yi," in ji Ragnfrid.

Da ƙofar ta buɗe, Eilif ne cikin kwat ɗinsa ta coci, da tawul a rufe kan kwandon kekensa. Ya turo har tsakiyar falo, ya ja birki, ya yaye tawul ɗin. Solfrid ta dafe ƙirji. Oddvar ya juya ga Borghild ya ce ba ita ce ta rantse ko kyanwa ba ta shiga ba?

Borghild ta ce ai ba wanda ya shiga, Eilif ne kawai. Ta ga ya zo, ya shiga ciki, ya fito ya daɗe a gindin bango, ta ɗauka jingina yake yi. Da ta ji yadda maganar ta fito sai ta fara gyarawa, tana ƙara ɓatawa. Terje ma ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya gan shi a bakin coci, amma an tambaye shi wa ya wuce ne.

"Shekara goma ke nan ba wanda ke ganina a garin nan," in ji Eilif. "Da na san haka abin yake, da banki na shiga."

Aka yi dariya, amma gajeriya, wasu suna kallon ƙasa.

Bai dubi Oddvar ba. Ya juya ga 'yarsa, ya ce ta tuna da yammacin Juma'a da ta kawo masa miya ta ce wutarsu na ɗaukewa, kabad ɗin ƙarƙashin matakala kuma yana ƙarnin kifi? Ya ce ba kifi ba ne. Haka tsohon mazaunin fis yake wari in ya fara ƙonewa. Ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da wani abu ya ajiye kusa da kek: fis na tangaran, an cusa masa takardar azurfa ta cakulan don a hana shi yanke wuta, rabinsa ya yi baƙi ƙirin, da guntun robar da ta narke ta manne a jikinsa.

"Faɗa wa mijinki," in ji shi, "fis ba ya mutuwa don ƙeta. In ya mutu sau biyu, cewa yake a taimake shi. Faɗa masa minti nawa ya jona motar aka yi wannan?"

Solfrid ta juya ga mijinta. Oddvar ya ce wa bango kamar minti ashirin, gwaji ne kawai. Ya ce ya kalli yadda ake haɗawa a bidiyo a wayarsa, mutumin ciki ya gama a minti bakwai, kuma bai ce komai kan fis ba.

"Faɗa masa daren jiya awa takwas ya yi niyyar yi. Kuma ki tuna masa ɗakin wa ke saman kabad ɗin nan."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Darius ya matso ya ɗauki fis ɗin, ya juya shi, ya ajiye, ya goge hannunsa a wando. Solfrid ta ɗaga kai ta dubi silin, inda ɗakin kwanansu yake. Ta tambayi mahaifinta me ya hana shi ya faɗa mata kawai. Ya ce ya faɗa mata ta faɗa wa wa? Wanda ya ƙi jin ma'aikacin kamfani mai takarda, tsohon da aka ce ya zauna ya huta zai ji? Ta miƙe, ta ɗauke farantin kek daga gaban mijinta, ta ajiye gaban Darius, ta miƙa wa Oddvar wayarsa.

Ranar Lahadi ce, na'ura ce ta amsa a kamfanin. Oddvar ya yi bayani cikin ƙaramar murya cewa an samu rashin fahimta. Ragnfrid ta ce ba a ji daga baya ba. Ya sake kira, ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ya ce ma'aikacinsu bai saci komai ba, ya gargaɗe shi ya ƙi ji, shi ne da kansa ya haɗa wayar. Da ya kashe sai ya je ya miƙa wa Darius hannu. Darius ya karɓa, ya ce zai iya canza akwatin fis ranar Alhamis, kuma wannan karon sai Oddvar ya karanta takardar da ƙarfi kafin ya sa hannu.

Sai a lokacin wata matsala ta fito. Oddvar ya ƙi cajin mota a birni ranar Asabar, don a cewarsa ba ya sayen abin da yake da shi kyauta a gida. Yanzu abin da ya rage a batir ba zai kai shi ko rabin hanyar cajar gwamnati da ke bayan dutse ba, ga shi ranar Laraba yana da taro a birni. Ya dubi maƙwabtansa masu caja a bango, ya yi gyaran murya. Kowannensu ya tuna ranar da aka girgiza masa kai cikin tausayi, kowa ya duƙufa kan kek. Terje ya ce yana da jarkar fetur in ana so.

Eilif ya saki birkin kekensa. "Faɗa wa mijinki akwai soket a garejina, ni na ja wayarsa da hannuna. Ba ya sauri, zai kai awa talatin. Amma a gidana ba a jona abu a tafi a bar shi. Mai kaya yana zaune kusa da kayansa."

*

Ranar Litinin da hantsi Ragnfrid ta fito yawo da Tass, ta biyo ta layin ma'aikatan tasha. Motar Oddvar na cikin garejin Eilif, siririyar waya ta fito daga cikinta. A bakin shinge ta tarar da Solfrid tsaye cikin sanyi da kwandon abinci a hannu, ba ta shiga ba. Daga kicin muryoyi biyu ke tashi har titi. Ɗaya na cewa wanda bai san bambancin fis da murfin kwalba ba bai kamata ya riƙe kwamiti ba, ɗayar na cewa sata sata ce ko da a keken tsofaffi aka yi ta, kuma ɗaya daga sukurorin ya lanƙwashe. Aka buga tebur.

Ragnfrid ta tambaya ko ta shiga ta raba.

"Kada ki kuskura," in ji Solfrid, tana share ido da bayan safar hannu. "Tun jiya suke yi, kuma ko sau ɗaya ba a neme ni in isar da saƙo ba."

Ta leƙa garejin ta duba fuskar motar, ta dawo ta gyara tsayuwa.

"Saura awa goma sha ɗaya ta cika," in ji ta. "Ke da kika san kan abubuwa, akwai yadda za a yi ta rage sauri?"